Tambayoyinku: Garin da ke bakin boda, wa zai tsare shi idan ƙasa ta kama da yaƙi?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato halin da garuruwan kan iyaka ke shiga idan yaƙin basasa ya ɓarke, suna ta roƙon a turo musu soja. Na tsinci kaɗan daga ciki, wasu na rage musu tsawo don wani saƙon wallahi ya fi amsarsa yawa.

Tambaya: Malam ni abin da ke ɗaure min kai, gari na ƙasa ne, mutanensa na biyan haraji, dattawa su rubuta takarda su je har babban birni suna kuka a turo soja amma shiru kake ji. Rashin imani ne ko akwai abin da bamu sani ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa rashin imanin yana nan wani lokaci, ban cire shi ba. Amma ko gwamnatin masu tsoron Allah ce, lissafin soja daban yake da namu. Kwamanda in ya shimfiɗa taswira abin da idonsa ke fara kaiwa shi ne fadar shugaban ƙasa, filin jirgi, gidan rediyo, wajen ajiyar mai, tashar jiragen ruwa da manyan gadoji, don in waɗannan suka faɗi gwamnati ta faɗi kenan. Garin boda kuwa yana can ƙarshen hanya, motar da za ta kai wa sojojin harsashi da mai da abinci ita ce za ta fi kowa doguwar tafiya kuma ita ta fi sauƙin tarewa, to sojoji ɗari da ka ajiye a wajen da baka da halin kai musu ɗauki idan an zagaye su, kyautar makamai ka yi wa 'yan tawaye, har da motocin.

Su kuma 'yan tawayen garin bodan ne abin sonsu. Nan kuɗin kwastan yake, nan ake shigo da makami da mai ta ɓarauniyar hanya, nan ake tsallakar da wanda ya ji rauni zuwa asibitin ƙasar maƙwabta, in an matsa musu kuma su tsallake su huta su dawo. Kaga ɗaya yana ganin garin a matsayin nauyi ɗayan yana ganinsa a matsayin jari, wa kake ganin zai fi zage damtse a kansa?

Kuma fa ko sojan yana cikin garin ba shi ke nuna an tsira ba. Duba El Geneina, babban birnin Darfur ta Yamma a Sudan, kusan kilomita 30 tsakaninsa da Adre ta ƙasar Cadi. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun RSF, wata runduna ta daban da Janar Hemedti ke jagoranta, ranar 15 ga Afrilu 2023, akwai barikin soja a Ardamata dab da garin, amma da RSF da mayaƙan da ke tare da su suka afka wa unguwannin ƙabilar Masalit galibin sojojin suna cikin barikinsu suna tsare kansu. Gwamnan jihar Khamis Abakar ya fito a talabijin ranar 14 ga Yuni 2023 ya ce ana kisan ƙare dangi, ya roƙi duniya ta kawo ɗauki, sa'o'i kaɗan bayan haka aka kama shi aka kashe. A farkon Nuwamba barikin kansa ya faɗi, sojoji da yawa suka tsallaka Cadi, mutanen da suka taru kusa da barikin don neman mafaka su aka bari a hannun waɗanda suka ci wajen. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 a garin a wannan shekarar kaɗai.

Ni a wajena abin da ya fi rashin zuwan soja muni shi ne ya zo ya tafi. Ranar da ya shigo mutane za su fito da murna, wani ya nuna musu hanya, wani ya ba su hayar gida, wata ta riƙa dafa musu abinci, mai unguwa ya ce wane da wane ne ke kai wa 'yan tawaye rahoto, duk wannan ana gani kuma ana riƙewa, ranar da umarni ya zo daga sama cewa a janye su sojojin za su hau mota su tafi, waɗanda suka taimake su kuwa gidansu kenan ba inda za su. Haka aka yi a Rann da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru a Janairun 2019, sojojin Kamaru da suka zo bayan harin Boko Haram suka koma, na Najeriya ma suka fice, mutane kusan 30,000 basu jira ba suka bi su a ƙafa zuwa Goura cikin Kamaru, waɗanda suka rage kuma Boko Haram ta dawo musu, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla 60. Don haka dattawan da ke rubuta takarda, bayan "a turo mana soja" ya kamata su ƙara da nawa za a turo, har yaushe za su zauna, kuma in za su tashi za a faɗa mana tun da wuri?

Tambaya: To in gwamnatinsu ta kasa, me zai hana su roƙi sojojin ƙasar da ke maƙwabtaka da su, tunda wani lokaci barikin maƙwabtan ya fi kusa? Haramun ne a doka? Daga wani direban babbar mota.

Amsa: Alhaji roƙo dai ba wanda ya hana su, baki nasu ne. Matsalar ita ce a dokar ƙasa da ƙasa gari ko sarki ko gwamna ba shi da ikon gayyato sojan waje. Hanyoyin da aka sani uku ne, ko gwamnatin ƙasar da kanta ta yi gayyata, ko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izini ƙarƙashin babi na 7 na kundinta, ko kuma maƙwabciyar ta ce kare kanta take yi bisa sashe na 51 saboda ana kawo mata hari daga can. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ma ta ba kanta dama a sashe na 4(h) na dokar kafa ta, cewa za ta iya shiga ƙasa in ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, sai dai a aikace shugabanni basa son taɓa wannan sashen, kowa na tsoron gobe a juyo kansa.

Shi maƙwabcin kuma ba don Allah yake zuwa ba, in ma ya zo. Gemun ɗan'uwansa ya ga ya kama da wuta yake shafa wa nasa ruwa, iyakar abin kenan. In wutar bata dame shi ba, ko ya fi tsoron masu kare garin a kan masu kawo harin, sai ya naɗe hannu. A Satumban 2014 mayaƙan ƙungiyar IS mai iƙirarin jihadi suka zagaye Kobani a arewacin Siriya, garin yana jingine da bodar Turkiyya, tankokin Turkiyya suna jere a kan tudu ana ɗaukarsu hoto amma basu tsallaka ba, saboda mayaƙan Kurdawa na YPG da ke kare garin a wajen gwamnatin Turkiyya 'yan'uwan PKK ne, ƙungiyar Kurdawa 'yan tawaye da ta daɗe tana yaƙa. Ta dai buɗe wa masu gudu hanya, sama da mutum 100,000 suka shiga cikin 'yan kwanaki, sai ƙarshen Oktoba ta bar wasu 'yan Peshmerga, wato dakarun Kurdawan Iraƙi, suka bi ta ƙasarta da manyan bindigogi. Da su da jiragen Amurka da tsayin dakan mutanen garin aka kori IS a Janairun 2015.

In kuwa ya amsa gayyatar, fitarsa wani aiki ne. A 1976 sojojin Siriya suka shiga Lebanon lokacin yaƙin basasa, da farko ma don ceton ɓangaren Kiristoci da aka kusa murƙushewa, yaƙin ya ƙare a 1990 amma su basu fita ba sai Afrilun 2005. A kudancin ƙasar kuma wasu ƙauyukan kan iyaka irin su Marjayoun da Qlayaa, da suka ga an yanke su daga Beirut, sai suka jingina da Isra'ila, ta ba su makamai da magani da aikin yi, daga nan aka samu rundunar da Manjo Saad Haddad ya jagoranta. Suka zama 'yan gaba-dai na mamayar Isra'ila shekara da shekaru, ranar da ta janye a Mayun 2000 rundunar ta watse cikin kwanaki, dubbai suka kwashi iyalansu suka bi ta, waɗanda suka tsaya da yawa aka kai su kotun soja da laifin haɗa kai da abokan gaba. Kariya suka nema da farko, ba wanda zai ce basu da dalili, amma ka ga inda ta kai su.

Tambaya: Su waɗannan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya masu shuɗiyar hula mene ne amfaninsu? Kullum sai ka ji an kashe mutane a gabansu. Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama fushinki yana kan hanya, kuma sunan da kowa ke fara kawowa shi ne Srebrenica, wani gari a gabashin Bosniya kusa da iyakar Sabiya. A Afrilun 1993 Kwamitin Sulhu ya ayyana shi a matsayin tudun mun tsira, Musulmin ƙauyukan kewaye da yaƙi ya riga ya koro ciki suka zauna don sun ji an ce duniya ce ke gadi. Da aka yi lissafin sojojin da za su tsare irin waɗannan wurare a Bosniya sai aka ce ana buƙatar 34,000, Kwamitin ya amince da 7,600. A Yulin 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya ƙarƙashin Ratko Mladic suka shiga garin, 'yan ɗaruruwan sojojin Holan na Majalisar da ke wajen da ƙananan makamai basu iya komai ba, taimakon jiragen sama da suka nema bai zo yadda ya kamata ba, aka ware maza da samari aka kashe sama da 8,000. A 2002 gwamnatin Holan ta yi murabus saboda rahoton binciken abin. Alƙawarin da aka yi musu shi ya riƙe su waje ɗaya, wannan ne ke ci min rai a labarin.

Goma ma da ke kan iyakar Kwango da Ruwanda haka, a Nuwamban 2012 'yan tawayen M23 suka shiga dakarun Majalisar na MONUSCO suna kallo, abin ya zama abin kunya har aka kafa runduna ta musamman a 2013 da sojojin Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Malawi, aka ba su izinin kai farmaki, suka taimaka aka fatattaki M23 a ƙarshen shekarar. A Janairun 2025 M23 ta sake kama Goma.

Amma kar mu zalunce su gaba ɗaya. A Disamban 2013 da Sudan ta Kudu ta rikice, jami'an Majalisar suka buɗe ƙofofin sansanoninsu a Juba da Bor da Bentiu da Malakal, mutane suka shige, akwai lokacin da waɗanda ke ciki suka haura 200,000. Rayuwa a ciki ba daɗi, an ma taɓa afka wa na Malakal a Fabrairun 2016 aka kashe mutane, duk da haka ba ƙaramin rai aka ceta ba. Matsalarsu ita ce sojojin aro ne, kowace ƙasa ta ba da nata da sharaɗi, kuma kwamandan bataliya kafin ya harba harsashi yakan fara tunanin abin da babban birninsu zai ce in an dawo da gawa.

Tambaya: Ni a ganina sojan ne ke jawo wa gari bala'i. Ba gara mutanen gari su ce mu ba ruwanmu da kowa, kar soja ya shigo kar ɗan tawaye ya shigo ba? Daga wani dattijo mai karanta mu kullum.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, rabin maganarka haka take. Inda soja ya kafa sansani wajen ya zama abin hari, shi ya sa ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Geneva kan dokokin yaƙi a 1977 ya ce a guji ajiye kayan yaƙi a tsakiyar jama'a gwargwadon iko, kuma ya tanadi abin da kake nufi, wato gari ya zama wanda ba a karewa da makami ko yankin da aka cire wa soja kwata-kwata, a irin wannan hali haramun ne a kai masa hari. Sai dai waɗannan sassan an rubuta su ne da yaƙin ƙasa da ƙasa a rai, kuma ginshiƙinsu shi ne masu bindigar su yarda. Mutanen gari su kaɗai su taru a ƙofar fada su ce ba ruwanmu, wannan fata ne kawai.

An gwada. Jihar Kentucky a Amurka ta ce ba ruwanta da yaƙin basasar ƙasar a Mayun 1861, tana tsakanin Arewa da Kudu, ba a yi wata huɗu ba sojojin Kudu suka kama garin Columbus da ke bakin kogin Mississippi a farkon Satumba, Janar Grant na Arewa ya yi maza ya kama Paducah, majalisar jihar da kanta ta koma tana neman sojojin tarayya, wato na Arewa. A Najeriya ma jihar Tsakiyar Yamma a 1967 ta so ta kauce wa zama fagen daga, gwamnanta David Ejoor bai so a yi yaƙin a ƙasarsa ba, ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka tsallako gadar Neja ta Asaba suka mamaye jihar har suka kai Ore. Da sojojin tarayya suka dawo suka ƙwace, a Oktoba aka kashe ɗaruruwan maza a Asaba bisa zargin sun goyi bayan Biyafara, alhali da yawansu fitowa suka yi tarbar sojojin. Garin da ke tsakiya kowane ɓangare kallon munafuki yake masa, in baka ba ni ba to ka ba wancan kenan.

Wani lokaci ma kuɗi ake cewa gari ya biya ya fanshi kansa. Chambersburg a jihar Pennsylvania ta Amurka, kusa da iyakar Maryland, ranar 30 ga Yuli 1864 sojojin Kudu suka ce a kawo dala 100,000 na zinariya ko 500,000 na takarda, ba a kawo ba, suka banka wa tsakiyar garin wuta. 'Yan tawayen yau da ke sa wa ƙauyuka haraji don a bar su su yi noma ba su suka fara ba.

Inda na ga irin shawararka ta yi aiki shi ne ƙananan yarjejeniyoyi na ɗan lokaci, a bar asibiti, a bar ranar kasuwa, a buɗe hanya kwana kaza mata da yara su fita, galibi da ƙungiyar agaji ta Red Cross a tsakani. Wannan yana yiwuwa don ba wanda ke ganin ya yi asarar gari.

Tambaya: Me zai hana a raba wa matasan garin bindigogi su kare kansu? Su suka san dajin. Daga wani matashi.

Amsa: Ƙanina sun san dajin kam, kuma ba za su hau mota su gudu su bar iyayensu ba, shi ya sa a farko abin yakan yi aiki. Kamajo, mafarauta 'yan sa-kai a Saliyo, sun kare ƙauyuka daga 'yan tawayen RUF a shekarun 1990, mutane suna yi musu kirari, daga baya kotun musamman ta Saliyo ta samu biyu daga shugabanninsu da laifukan yaƙi. RSF ɗin da na ambata a sama daga ina ta fito? Daga mayaƙan sa-kai na Janjawid da gwamnatin Omar al-Bashir ta ba makamai a Darfur tun 2003 don su taya ta yaƙar 'yan tawaye, aka mayar da su runduna a 2013, bayan shekara 10 suka juya wa sojojin ƙasar bindiga a cikin Khartoum. Sannan garin da aka san yana da 'yan sa-kai hukuncinsa a wajen maharan ya fi tsanani, a Solhan ta Burkina Faso a Yunin 2021 wajen 'yan sa-kan aka fara afkawa kafin a bi gida-gida, aka kashe sama da mutum 130. In dole ta sa za a yi, to a rubuta sunan kowa da lambar bindigarsa, a sa su ƙarƙashin hafsan da za a iya tuhuma, a biya su albashi don kar su fara karɓa a hannun mutanen da suke gadi, kuma kar a ɗebo su daga ƙabila ɗaya a garin da ke da ƙabilu da yawa. Gwamnatocin da ke cikin yaƙi ba kasafai suke cika ko biyu daga cikin waɗannan ba.

Tambaya: In mutane suka yanke shawarar gudu, ƙasar maƙwabta tana da ikon rufe boda ta mayar da su? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya a doka bata da shi. Sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya hana a mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, ta Afirka ta 1969 ta ma fi faɗi don ta haɗa da duk wanda yaƙi ko rikici ya koro, kuma ta hana a tare shi a bakin boda. A aikace ana karya ta, Kamaru ta mayar da dubban mutanen Rann bayan harin farko na Janairun 2019, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta fito ta yi Allah wadai. Abin da maƙwabciya ke da iko a kai shi ne ta karɓe makamai, ta ware mayaƙa daga farar hula, ta kuma matsar da sansani nesa da iyaka, ita yarjejeniyar 1969 ɗin ma ta nemi a yi hakan. Mutane basa son wannan matsarwar don kowa na so ya zauna inda zai riƙa leƙa gonarsa da gidansa, amma akwai dalili. A Yulin 1994 ɗaruruwan dubban 'yan Ruwanda suka kwarara Goma cikin kwanaki kaɗan, sojoji da mayaƙan da suka yi kisan ƙare dangi suka shige cikinsu da makamansu suka mayar da sansanonin bakin bodar barikinsu suna kai hari gida, a 1996 sojojin Ruwanda suka afka wa sansanonin, daga nan yaƙin Kwango ya tashi. Cadi ma tun 2023 tana ta kwashe mutane daga Adre zuwa sansanonin da ke can ciki, saboda tsaro da kuma cunkoson da ya fi ƙarfin garin.

Wanda zai fita ya riƙe takardun shaida da na haihuwar yara a jikinsa, kar a zuba su cikin kaya, kuma da an tsallaka a nemi wajen rajista a rubuta sunan kowa har jariri, don da wannan rajistar ake raba abinci kuma da ita ake nemo wanda ya ɓace a hanya.

Masu tambaya kan yadda ake mayar da mutane garuruwansu bayan an ƙwato su, saƙonninku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.